Ork Boyz ɗina suna ƙarewa kafin su isa abokan gaba, ya zan yi?

Ɗan'uwa daga Nima, ka ce kana buga Warhammer 40,000, wasan yaƙi na ƙananan sojojin roba a kan tebur, kuma ana harbe maka Boyz, sojojin ƙasa na Ork, tun kafin su ɗaga choppa, wato makamin saransu. Ai sojan gaba-da-gaba ba ya tafiya tsakiyar fili a buɗe, ka bi da su bayan kangayen da ke kan tebur, ko ka loda su a motarsu Trukk, mutum 12 take ɗauka. Amma a kula, a bugu na 10 da ya fito 2023, in motar ta riga ta yi tafiya sannan suka sauka ba za su kai farmaki a wannan zagayen ba, sai dai su sauka kafin ta motsa.

Farmakin kansa dayis biyu ne irin na ludo, jimillarsu ita ce incin da za su ruga. Inci 7 kana da kusan kashi 58 cikin 100, inci 9 kuwa kashi 28 kacal, to don Allah ka matso kusa tukuna, wanda ya kai farmaki shi ke fara duka.

Kayan ƙari kuma, ba wa Nob, shugaban rukunin, power klaw, wato babban farcen ƙarfe, saboda masu sulke mai kauri, ka haɗa su da Warboss, babban kwamandansu, dukansu ya fi shiga. Waaagh!, ihun yaƙin da ke ƙara musu ƙarfi, sau ɗaya ake kira a wasa, kar ka ɓata shi a zagayen farko suna nesa.

Kayan Games Workshop, kamfanin da ke yin wasan, daga Ingila suke zuwa, kafin su iso Accra kuɗin aike ya cinye sidi da yawa, ni dai Trukk zan fara saya kafin ƙarin Boyz.