Amsa ga 'yar'uwar da aka ba ɗiyarta littafin Huckleberry Finn

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi ina karanta tambayarki gabana ya faɗi. Kin ce an ba ajin ɗiyarki littafin nan na marubucin Amurka Mark Twain, tana dawowa gida ranta a ɓace, kina shawarar ko ki je ki nemi a cire shi gaba ɗaya. Mun sha wannan da babban ɗana yana aji goma, har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Ni dai ba littafin ne ya cuce mu ba, malamar ce. Ta san sarai muguwar kalmar nan da ake zagin baƙar fata da ita ta fito sau 219 a ciki, amma ta ce yara su riƙa karɓa-karɓa suna karantawa da ƙarfi, wai kada a tsallake ko harafi ɗaya. Ɗana ne kaɗai baƙi a ajin. Da layi ya zo kan wani yaro sai ya ja kalmar, ya waiwayo ya kalle shi, aji ya kwashe da dariya, ita kuwa ta ce a ci gaba. Yaron nan bai faɗa min ba. Sai dai na ga tuwo na dawowa a kwano, da safe kuma kullum ciwon ciki. Ranar da na ɗauki jakarsa zan wanke na tarar an rubuta masa kalmar a bangon littafinsa da jan biro.

Da na je, matar nan murmushi ta yi min, ta shiga koya min cewa Twain yana adawa da bauta ne, sai ka ce ban taɓa zama a aji ba. Da na ɗan ɗaga murya sai ta fashe da kuka, nan take na koma ni ce mai laifi, mataimakin shugaban makaranta yana miƙa mata takardar share hawaye. Ko sannu ba ta ce wa yarona ba. Na bar ta da Allah.

To kada ki je ke kaɗai, ki tafi da Babansu ko wata 'yar'uwa. Kome kuka yi magana a kai ki sa a rubuta, ki bi su da imel. Ki tsaya kan cewa babu mai furta kalmar a aji, ko malami ko ɗalibi, kuma kada a riƙa juyowa ana tambayar ɗiyarki ra'ayinta kamar ita ce wakiliyar baƙar fatar duniya. In sun ƙi, ki nemi a ba ta wani littafin, sai dai hakan ma yakan sa a ware yaro a ɗakin karatu shi kaɗai.

Cirewa kuwa an yi. A 2018 makarantun garin Duluth da ke jihar Minnesota ta Amurka sun fitar da shi daga littattafan dole tare da littafin To Kill a Mockingbird. Akwai ma bugun Alan Gribben na 2011 da aka canza kalmar da "bawa". Ni ban gamsu ba, ai wanke wa masu bayi laifinsu ne. Ɗan nawa da ya huce ya karanta abinsa a gida, ya zo yana ba ni labarin inda Huck, yaron da ke cikin labarin, ya yaga wasiƙar da zai tona asirin Jim, bawan da ya gudu suke tafiya tare, ya gwammace shiga wuta da cin amanarsa.

Ki tuna da littafin Mister Johnson na Joyce Cary, 1939, da aka gina a Arewarmu. Marubuci Chinua Achebe ya karanta shi yana ɗalibi a Ibadan, raini da ya gani a ciki na daga cikin abin da ya tunzura shi ya ɗauki alƙalami. Da an ɓoye masa fa?

Kuma don Allah ki bincika da wa take zama wajen cin abincin rana. Yaranmu na nan zurfin ciki gare su, ba sa son su ɗaga mana hankali. Ki yi min magana ta akwatin saƙo in turo miki wasiƙar da na rubuta musu, sai ki gyara sunaye kawai.