Aikin Gaggawa da Nauyin Ƙarfe

Wai tambayarka, in sojoji suka ce aiki na gaggawa ne, me ake yankewa? Kai yaro, ku 'yan yanzu kun ɗauka gaggawa ita ce a kunna injin walda kafin a yi awo.

Takardu ake ragewa, da yawon sa hannu ofis-ofis. Haka Amurka ta yi a Iraƙi da bama-baman gefen hanya suka addabi motar sojansu Humvee mai shimfiɗaɗɗen ciki. A 2007 sakataren tsaro Robert Gates ya sa MRAP, motar sulke mai jure bam, gaba da komai. Ba su tsaya ƙago sabon abu ba, ƙirar Afirka ta Kudu suka ɗauko, irin ta motar sulkensu Casspir, mai ciki kamar harafin V, wanda ke watsa ƙarfin fashewa gefe. Kamfanoni da yawa aka ba aikin lokaci guda, amma kowane samfuri sai da aka kai shi filin gwajin soja na Aberdeen a Amurka aka tayar masa da bam a ƙarƙashi. Sun ƙera sama da 27,000, kuma duk da haka nauyi ya ci su a duwatsun Afganistan, sai da kamfanin Oshkosh ya yi musu wata mai ƙarancin nauyi, M-ATV, a 2009.

Nauyin nan ne ya tuna mini wani ɗan kwangila, Allah ya isa. Lokacin da Arewa maso Gabas ta yi zafi ya kawo mini motocin Hilux in sa musu sulke, wai oga yana jira. Na yi lissafi, na ce ƙofofi da gaban direba kaɗai za su ɗauka, sai in an canza sifirin da birki. Ya amince, ya ba ni ɗan kafin alƙalami, sauran farantin ƙarfen na ciwo bashi. Aiki ya yi nisa sai ga shi, a ƙara mazaunin bindiga a sama. Washegari, a rufe bayan ma. Na ce Alhaji rubuta mini, ya ce haba Malam, tsakaninmu har sai da takarda? Na ce to bari mu loda buhunan yashi daidai nauyin mutane da harsashi mu zaga da guda ɗaya, ya ce babu lokaci, da daddare ya turo aka kwashe su. A gwajin karɓa, ta farko ta zauna a kan tayoyin baya, birki ya ƙi kamawa a gangare. Aka ƙi karɓa. Mutumin nan ya tsaya gaban jama'a ya ce mai walda ne bai iya aiki ba, ya hana ni cikon kuɗina. Injin yankana na sayar na biya mai ƙarfe. Har yau in muka haɗu a ɗaurin aure hannu yake miƙo mini.

Irin wayar waldar da ake ɗinke farantin sulke da ita kuwa, in har yanzu ba ka sani ba me kake yi a shagona? Ajiye wayar hannun nan ka je ka auno mini ƙofar can.