Ofis ɗin kyauta a kwamfutar shago

Tambaya: Salam Malam, na sayi laftof tokumbo saboda lissafin shagona, amma kullum Excel sai ya dinga nuna min wai lasisi ya ƙare. Wani yaro ya ce zai sa min na kyauta a filashi, anya ba na sata ba ne? Daga mai shagon kayan masarufi, Kano.

Amsa: Wa'alaikumussalam Alhaji. In dai LibreOffice yake nufi, wato manhajar ayyukan ofis ta kyauta, to ba sata ba ce sam, wata gidauniya ce a Jamus mai suna The Document Foundation take kula da shi tun 2010, kuma lasisinsa ya yarda ka kwafa ka raba wa duk wanda ka ga dama. Calc ɗin cikinsa, wato ɓangaren lissafi mai kama da Excel, yana buɗe fayil ɗin Excel lafiya lau, sai dai wani lokaci adon teburin ya ɗan karkace.

Inda gizo ke saƙar shi ne filashin nan, don ya zaga kwamfutoci da yawa, bairos ba ya sallama. Ka sa yaron ya sauko da LibreOffice ɗin daga shafin gidauniyar a gabanka, data ɗin bai kai rabin giga ba. Kafin ya taɓa komai kuma ka kwafe littafin bashinka ka ajiye gefe.