Sola ko nukiliya: wanne ya fi wa Saudiyya araha?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Jidda, ina aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Kullum muna jin cewa wutar sola ta fi kowace araha, amma kuma ga maƙwabciyarmu Daular Larabawa ta gina tashar nukiliya, Saudiyya ma tana maganar tata. Idan sola ce mai sauƙin, me ake nema da nukiliya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da kake ji gaskiya ne. A 2018 kamfanin ACWA Power ya ci kwangilar tashar sola ta Sakaka, a arewacin Saudiyya, mai megawat 300 a kan santi 2.34 na dalar Amurka kowane yunit. Shekara uku kacal bayan haka, a 2021, aka sanar da farashin tashar Shu'aiba da ke kudu da ku: santi 1.04, wajen halala huɗu ke nan (halala ɗari ne riyal ɗaya). Ka duba takardar kuɗin wutarka, halala 18 ake karɓa a gidaje, ko da yake cikinta akwai kuɗin layi da rarrabawa.

Dalilin wannan faɗuwa shi ne farantin sola kayan masana'anta ne. Ana buga shi miliyoyi, akasari a Sin, kuma duk lokacin da aka ƙara yawan bugawa sai a ƙara ƙwarewa, farashi ya sauka. Tsakanin 2010 da 2020 kuɗin wutar sola ya ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari.

Nukiliya kuwa gini ce, kowace tasha da nata wahalar. Makamashinta ba shi da tsada sosai. Bashi da jira ne suke cinye kuɗin. A ɗauko biliyoyin daloli, a yi shekara goma kuɗin ruwa na taruwa, ko yunit ɗaya ba a sayar ba. Injina biyu na tashar Vogtle a Amurka sun makara da wajen shekara bakwai, sun lashe sama da dala biliyan 30. Barakah, tashar Daular Larabawa da ka ambata, tana cikin waɗanda suka yi kyau, Koriya ta Kudu ce ta gina ta: an fara aiki a 2012, injin farko ya hau layi a 2020, na huɗu sai 2024. Filin sola kuwa cikin shekara biyu zuwa uku ake gama shi.

To amma kai ka fi ni sanin dare a Jidda a watan Agusta. Rana ta faɗi, iska na nan jiƙe da gumi, kwamfireso bai huta ba har asuba. Halala huɗun nan kuɗin wutar rana ce tsaka. Wutar ƙarfe biyun dare ba ta cikin wannan lissafi, kuma masu yabon sola sukan tsallake wannan. Ga ƙura da ke rufe farantai sai an yi ta sharewa, ga zafi da ke rage musu ƙarfi. Barakah kuwa megawat 5,600 take da shi dare da rana, tana ba Daular kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wutarta, kuma an tsara ta ta yi shekara sittin. Ƙasar da ruwan shanta daga tace teku yake fitowa dole ta so irin wannan wuta da ba ta yankewa.

Abin da ya sauya lissafin a 'yan shekarun nan batir ne. Farashinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tun 2010, har Saudiyya ta haɗa babban rumbun batir a Bisha a farkon 2025. Irin waɗannan sukan riƙe kusan awa huɗu, wato daga magariba zuwa bayan isha'i. Ragowar daren gas da mai ne ke ɗauke da shi har yanzu.

A ganina, Malam, riyal na farko sola da batir ya kamata ya tafi, domin Saudiyya tana ƙona ɗanyen mai a tashoshinta lokacin zafi, kuma kowace gangar da aka tsirar a bana kuɗi ce a hannu. Burin samun rabin wutar ƙasa daga rana da iska nan da 2030 ma ba zai jira nukiliya ba, don ko yau aka kafa harsashi ba za a gama kafin lokacin ba. Tasha ɗaya ko biyu saboda dare da tace ruwa tana da hujja, muddin an samu magini da ya saba gamawa kan kari da bashi mai sauƙin ruwa. Injinan nukiliya 16 da aka taɓa cewa a 2011 Saudiyya za ta gina kam, farashin yau ba ya goyon bayansu.