Kadinal huɗu gare mu, don me ɗaya ne kaɗai ya shiga zaɓen Fafaroma?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Da aka zaɓi Fafaroma Leo na 14 a watan Mayun 2025, na ji an ce Najeriya tana da kadinal huɗu amma ɗaya ne kawai ya jefa ƙuri'a. Me ya hana sauran ukun? Wa yake naɗa waɗannan kadinal-kadinal ɗin, kuma ana raba wa ƙasashe kujeru ne gwargwadon yawan mabiyansu? Sannan dole ne sai ɗaya daga cikinsu za su zaɓa? Daga wani mai karatu a Kafanchan.

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Abin da ka ji gaskiya ne, kuma shekaru ne suka hana su, babu wani dalili bayan wannan. Dokar Cocin Katolika ta ce duk kadinal ɗin da ya cika shekara 80 kafin ranar da kujerar Fafaroma ta zama babu kowa a kanta, ba shi da ƙuri'a. Ranar da Fafaroma Francis ya rasu, 21 ga Afrilu 2025, Kadinal Francis Arinze yana da shekara 92, Kadinal Anthony Okogie na Legas yana da 88, Kadinal John Onaiyekan na Abuja kuwa 81. Saura Kadinal Peter Okpaleke, bishop na Ekwulobia a jihar Anambra, mai shekara 62, shi ne ya shiga. A zaɓen 2013 biyu ne suka shiga daga Najeriya, Okogie da Onaiyekan, domin Arinze ya cika 80 tun watan Nuwambar 2012.

Wannan doka ba ta daɗe ba idan aka auna ta da tsufan cocin. Fafaroma Paul na shida ne ya kafa ta a 1970, kuma ba ta yi wa wasu dattawan daɗi ba. Kadinal Alfredo Ottaviani, wanda bai daɗe da cika 80 ba a lokacin, ya fito fili ya soke ta, yana ganin an yi watsi da al'adar ɗaruruwan shekaru. Fafaroma John Paul na biyu ya sake tabbatar da ita a kundin dokar zaɓe na 1996, wanda shi ake bi har yau da 'yan gyare-gyare. Hujjarsa ita ce kada a ɗora wa mai irin waɗannan shekaru nauyin zaɓen wanda zai ja ragamar coci.

Ka lura da yadda aka tsara ta, domin rana guda ake dubawa, ranar da kujera ta zama wayam, ba ranar da aka fara zaɓe ba. A 2013 Fafaroma Benedict na 16 ya sauka ranar 28 ga Fabrairu. Kadinal Lubomyr Husar na Yukren ya cika 80 ranar 26 ga watan, sai kwana biyu suka fitar da shi. Kadinal Walter Kasper na Jamus kuwa ya cika tasa 80 ɗin ranar 5 ga Maris, bayan saukar, don haka da aka shiga zaɓe ranar 12 ga Maris ya shiga da shekararsa 80 cif ya jefa ƙuri'a. Haka aka sake yi a 2025: Kadinal George Alencherry na Indiya ya cika 80 ranar 19 ga Afrilu, Fafaroma ya rasu ranar 21. Husar da Kasper sa'annin juna ne, mako guda tsakaninsu, amma ɗaya a ciki ɗaya a waje. Ni dai ina ganin hikimar hakan. Da ranar fara zaɓe ake dubawa, da masu sa ranar za su iya ja ko matso da ita don su shigar da wani ko su fitar da wani. Ranar rasuwa kuwa ba a hannun kowa take ba.

Akwai wani abu da ya faru a nan kusa da mu wanda duk wanda aka haifa a ƙauye zai fahimta. Kadinal Philippe Ouédraogo na Burkina Faso, a da littafin shekara-shekara na fadar Batikan ya rubuta ranar haihuwarsa 25 ga Janairu 1945. Da wannan lissafi ya wuce zaɓen 2025. Daga baya aka gyara ta koma 31 ga Disamba 1945, kamar yadda take a takardunsa na ƙasa. Bayanin da ya yi shi ne a gida aka haife shi, a ƙauyen da babu asibiti, ba wanda ya rubuta ranar. Da wannan gyaran ya shiga zaɓe yana mai shekara 79.

Cika shekara 80 ba ya tuɓe wa mutum jar hularsa ta kadinal. Yana nan kadinal har ya koma ga Mahaliccinsa, kuma yana da damar zama a tarukan share fage da ake yi kullum tsakanin rasuwar Fafaroma da shiga zaɓe. A can ake tattauna halin da coci take ciki da irin mutumin da take bukata, kuma dattijon da ake jin maganarsa yana iya karkata zukata a can fiye da mai ƙuri'a. Shugaban majalisar kadinal-kadinal kansa, Giovanni Battista Re, yana da shekara 91 a 2025. Shi ya jagoranci jana'izar Francis da tarukan share fagen, amma da aka zo rufe ƙofar ɗakin ibada na Sistine ranar 7 ga Mayu, a waje ya tsaya, Kadinal Pietro Parolin ya ja ragamar zaman a ciki.

Yanzu ga batun naɗi. Fafaroma ne kaɗai yake naɗa kadinal, da zaɓin kansa. Ba a neman muƙamin, ba a yi masa ƙuri'a, kuma babu gwamnati ko majalisar bishop-bishop ta wata ƙasa da take da hurumin cewa ga namu. Masu zaɓen sarki a masarautunmu su ne mafi kusa da abin da zan kwatanta maka da shi, kamar Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta a Kano, sai dai su sarautunsu na gidaje ne da ake gado, kuma gwamna suke miƙa wa sunaye. Kadinal ba ya gadar kujerarsa, kuma wanda suka zaɓa, da zarar ya ce ya karɓa, ya zama Fafaroma nan take muddin bishop ne, babu wanda ake jira ya sa hannu.

Sharuɗɗan da doka ta gindaya kaɗan ne. Namiji ne, wanda aƙalla an keɓe shi firist, kuma ya yi fice a ilimin addini, da kyawun hali, da ibada, da iya tafiyar da al'amura. Tun 1962 aka ƙara cewa wanda ba bishop ba ne sai a keɓe shi bishop, amma Fafaroma yana iya ɗauke wa mutum wannan. Timothy Radcliffe na Ingila, wanda aka naɗa a Disambar 2024, bai zama bishop ba, kuma ya yi zaɓen 2025. A zamanin da, har wanda ba firist ba yakan zama kadinal. Na ƙarshensu, Teodolfo Mertel, ya rasu a 1899. Wani lokaci kuma Fafaroma yakan naɗa mutum ya ɓoye sunansa a zuci, idan bayyana shi zai jefa shi cikin haɗari. Haka John Paul na biyu ya yi wa Bishop Ignatius Kung na Shanghai a 1979, lokacin yana kurkuku a ƙasar Sin, ba a faɗi sunansa ba sai 1991. Amma irin wannan ba shi da ƙuri'a sai an bayyana shi, kuma in Fafaroma ya rasu bai faɗa ba, shi ke nan naɗin ya bi shi. Hakan ta faru da wani da aka naɗa a 2003, har yau ba a sanar da ko wane ne ba.

Batun rabon kujeru ga ƙasashe kuwa, babu shi, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Fafaroma bishop ne na birnin Rum, kuma asalin masu zaɓensa limaman birnin ne da na garuruwan da ke kewaye da shi. A 1059 Fafaroma Nicholas na biyu ya mayar da zaɓen hannun kadinal-kadinal don ya raba shi da sarakuna da manyan gidajen Rum da suke ɗora wanda suka ga dama. A 1179 aka kafa cewa sai mutum ya sami kashi biyu cikin uku na ƙuri'u. Wannan asali bai ɓace ba. Kusan duk wanda aka naɗa kadinal, ko a Abuja yake zaune ko a Manila, ana ba shi wata coci a cikin Rum ko wata dayosis (yankin da bishop yake kula da shi) a gefenta da za a riƙa jingina shi da ita, ya zama kamar limamin birnin ne. Shi ya sa aka kasa su gida uku, kadinal bishop, kadinal firist da kadinal dikin. Arinze, alal misali, kadinal bishop ne na Velletri-Segni, ɗaya daga tsofaffin dayosis da ke kewaye da Rum. Wannan rabo na girma ne da jerin zama, amma a akwatin zaɓe ƙuri'ar kowa ɗaya ce. To ka ga Okpaleke bai shiga da sunan wakilin Najeriya ba, a doka. Ya shiga ne a matsayin ɗaya daga limaman Rum.

Duk da haka ba zan ce maka rabon ba shi da muhimmanci ba, domin mutum da idon garinsu yake kallon duniya. Cikin kadinal 252 da ake da su a Afrilun 2025, 135 ne suka cancanci zaɓe: 53 daga Turai, 37 daga nahiyoyin Amurka, 23 daga Asiya, 18 daga Afirka, 4 daga yankin Oshiyaniya. Italiya kaɗai tana da 17, Amurka 10, Brazil kuwa, wadda ta fi kowace ƙasa yawan 'yan Katolika, 7. Afirka da Turai kusan kunnen doki suke a yawan mabiya, kowacce wajen kashi 20 cikin 100, amma ka dubi tazarar 18 da 53. A ganina wannan giɓi ne da ya kamata a ci gaba da cikewa. Sai dai a tuna daga inda aka taso. A zaɓen 1939, cikin kadinal 62, 35 'yan Italiya ne. Baƙar fatar Afirka na farko da ya sami jar hula a wannan zamani shi ne Laurean Rugambwa na Tanganyika a 1960, na farko a Najeriya kuma Dominic Ekandem a 1976. Francis ya tura abin gaba sosai. Ya bar manyan birane irin su Milan da Venice, da suka saba samun kadinal, ya je ya naɗa a Mongoliya, inda 'yan Katolika ba su kai dubu biyu ba, da Tonga, da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, da Sudan ta Kudu. Cikin 135 ɗin nan, 108 shi ya naɗa su.

Wataƙila ka ji an ce iyakar masu zaɓe 120 ne. Haka yake a rubuce. Fafaroma Sixtus na biyar ya tsayar da majalisar a kan 70 a 1586, John na 23 ya ƙetare wannan a 1958, Paul na shida kuma ya sa iyakar masu ƙuri'a 120. Amma mai kafa dokar shi ne mai naɗin, kuma idan ya naɗa fiye da haka ya ɗage ta ke nan. Da wannan hujja kadinal-kadinal suka fitar da sanarwa ranar 30 ga Afrilu 2025 cewa duka suna da ƙuri'a. Biyu ba su zo ba saboda rashin lafiya, Antonio Cañizares na Sifen da John Njue na Kenya, sai 133 suka shiga, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Kashi biyu cikin uku ya kama ƙuri'a 89.

Ban da shekaru, ba a hana kadinal zaɓe bisa kowane dalili, sai wanda Fafaroma ya tuɓe ko wanda ya ajiye haƙƙinsa da amincewar Fafaroma. Sauran kadinal-kadinal ba su da ikon mayar masa da shi bayan Fafaroma ya rasu. Wannan ya taso a kan Kadinal Angelo Becciu, wanda ya ajiye haƙƙoƙinsa a 2020 kuma kotun Batikan ta same shi da laifin almundahanar kuɗi a 2023, hukuncin da ya ɗaukaka ƙara a kansa yana cewa ba shi da laifi. Da farko ya ce zai shiga, shekarunsa ba su kai 80 ba, amma ranar 29 ga Afrilu ya sanar da cewa ya janye don biyayya ga nufin Francis. Wanda ya makara a hanya kuwa ana buɗe masa ƙofa in ya iso kafin a gama. A 1922 kadinal-kadinal na Amurka da Kanada sun taso ta jirgin ruwa suka tarar an riga an zaɓi Pius na 11, shi ya sa ya tsawaita jira daga kwana 10 zuwa 15. Yau ana jira kwana 15 zuwa 20, ana kuma iya farawa da wuri in kowa ya hallara.

Tambayarka ta ƙarshe amsarta a'a ce, a doka. Duk namiji ɗan Katolika da aka yi wa baftisma ana iya zaɓensa, in ba bishop ba ne sai a keɓe shi nan take, kamar yadda aka yi wa Gregory na 16 a 1831. Ko Arinze mai shekara 92, da babu ƙuri'a a hannunsa, doka ba ta hana a rubuta sunansa a takarda ba. Amma a aikace, rabon da a zaɓi wanda ba kadinal ba tun Urban na shida a 1378. Mutanen da aka kulle a ɗaki guda, babu waya babu jarida, wanda suka sani suka kuma ji maganarsa a tarukan share fage shi suke rubutawa. Robert Prevost, haifaffen Chicago da ya yi shekaru yana aiki a Peru, a Satumbar 2023 ya zama kadinal, kuma bai cika shekara biyu da jar hula ba aka zaɓe shi a zagaye na huɗu, ranar 8 ga Mayu 2025.