Yayana ya zama ciyaman, sai banki ya ɗora mini ido

Tambaya: Dillalin motoci ne ni a Kaduna, shekara goma sha ɗaya da asusu guda. Tun da yayana ya hau kujerar shugaban ƙaramar hukuma, banki ke neman takardar SCUML da bayanin inda kuɗina ke fitowa. Zargina ake yi?

Amsa: Alhaji, kwantar da hankalinka, ba zargi ba ne. Ka faɗa rukuni biyu ne a lokaci guda, kuma kowanne da nasa sharaɗi.

Na farko sana'arka. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta ware wasu sana'o'i da ba na banki ba amma manyan kuɗi ke ratsa su: dillalan motoci, masu sayar da gwal, dillalan filaye da gidaje, masu otal, lauyoyi da akantoci. Dole su yi rajista da SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Wannan takarda tuntuni ya kamata a ce tana hannunka.

Na biyu shi ne ya ta da maganar. Ƙa'idojin Babban Bankin Najeriya sun sa gwamnoni, ciyamomi, manyan alƙalai da hafsoshi, har da 'yan gidan sarauta, cikin waɗanda ma'aikatan banki ke kira PEP, wato masu faɗa a ji a harkar mulki, tare da iyalansu da na hannun damansu. Dalilin a fili yake: mai wawure dukiyar jama'a ba kasafai yake zuba ta da sunansa ba, asusun ƙani ko mata yake nema, kuma cinikin mota hanya ce mai sauƙi ta ɓatar da sawu. Shi ya sa sai wani babba a bankin ya amince a ci gaba da hulɗa da kai, sannan a san tushen dukiyarka. Bankuna sun ƙara tsanani bayan da FATF, hukumar duniya mai yaƙi da halasta kuɗin haram, ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da take sa wa ido a Fabrairun 2023. An cire ta a Oktoban 2025, kuma ba wanda ke son a koma.

Abin da nake jiye maka shi ne shawarar abokai, wai ka rarraba kuɗi ƙanana-ƙanana don kada su kai naira miliyan 5, adadin da banki ke kai wa NFIU, hukumar tattara bayanan sirri kan harkar kuɗi, rahoto a kan mutum ɗaya (miliyan 10 ga kamfani). Kada ka soma. Rahoton kansa bai mai da kai mai laifi ba, amma rarrabawa don kauce masa laifi ne a dokar. Haka nan karɓar tsabar kuɗi sama da wannan adadi hannu da hannu ba ta banki ba.

Ka kai wa banki rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni), takardun kwastan na motocin da rasidan ciniki. Kowane mai saye ka ajiye kwafin katin shaidarsa, aƙalla shekara biyar. In kuma wani ya ce ka ara masa asusunka a turo kuɗin kwangila, ko da daga gida maganar ta fito, ka ba shi haƙuri, don sunanka ne a kan asusun.