Tsohuwar Steyr ta soja da ta daɗe a ajiye: ta ina za a fara?

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi tsohuwar babbar motar soja ƙirar Steyr a gwanjo, ta yi shekaru ba a tayar da ita ba, kana tambayar ko ka sa mata batir ka murza makulli. Don Allah kar ka yi haka tukuna.

Fara da tanki. Man dizal da ya daɗe yana tara ruwa da tsatsa, in ka buɗe ƙasan tankin za ka ga wani baƙin dagwalo na fita. Da zarar wannan ya shiga famfon mai da nozul, kuɗin gyaran sai ya fi na komai. A sauke tankin a wanke, a canza filta da baƙin mai, sannan a juya injin da hannu a tabbatar bai cije ba. Duba kuma ko wutarta ta volt 24 ce, kamar yawancin manyan motocin soja. In haka ne batir biyu za ka haɗa.

Birkin iska ne ya fi damuna. Robobinsa suna bushewa su tsage, kuma Kaduna ba wurin gwada babbar mota marar birki ba ne.

Kayan gyara kuwa, ka ɗauki tsohon ƙarfen a hannu ka shiga kasuwar Panteka ta Kaduna, akwai masu ƙera irinsa. Tunda an taɓa harhaɗa Steyr a Bauchi, tsofaffin makanikai sun san ta sosai.

Kafin ta hau titi, sauya fentin sojan nan, ka kuma riƙe takardun gwanjonka a cikin motar.